Kwana Goma Sha Ɗaya Ina Ɓoye Kuskuren Lissafin Kweza

Shekarar da nake rubuta kundin digirina na biyu a fannin fiziks, rayuwata a rabe take gida uku. A Jega nake kwana, a wata sakandaren 'yan mata da ke Maiyama nake koyarwa, ranar Alhamis da Asabar kuma ina jami'a a Aliero. Kullum ƙafata ɗaya tana tasha. Motocin hanyar Aliero ba sa tashi sai sun cika maƙil, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, but ɗin kuma an danna masa buhunan albasa har ya kasa rufuwa, sai an ɗaure shi da igiya. Ɗalibaina na Maiyama sukan gane ranar da na fito daga Aliero tun kafin in yi magana, domin warin albasa yakan kwana a hijabina.

Malamin da ke duba aikina dattijo ne siriri, mai magana a hankali, wanda ya yi karatu a waje ya dawo gida. Ranar da na fara zuwa ofishinsa na ce ina son abin da ya shafi taurari, sai ya dube ni ta saman tabarau.

“Malama, kin san ba mu da na'urar hangen sama a nan.”

“Na sani, Malam.”

“To me za ki duba da shi?”

Sai ya juyo da kwamfutarsa ya nuna mini wani dogon jeri na lambobi, layi bayan layi, ba iyaka. Ya ce manyan na'urorin duniya sun riga sun auna, sun zuba awonsu a fili don kowa ya ɗauka. Abin da ya rage shi ne mai haƙurin zama ya yi tambaya.

Tambayar da ya ba ni a kan kweza ce. Ga yadda nakan bayyana wa wanda bai karanta fannin ba. A tsakiyar manyan garkunan taurari akwai abin da muke kira baƙin rami, wuri ne da nauyi ya taru har haske ma in ya faɗa ba ya fita. Wasu sun fi ranarmu nauyi sau miliyoyi, wasu ma fiye. Iskar gas da ke gangarawa cikinsa ba ta faɗawa kai tsaye, sai ta yi ta zagaye kamar faifai, tana gugar juna, tana zafi, har ta yi hasken da ya rinjayi na dukkan taurarin garken. Wannan tsakiya mai tsananin haske ita ce kweza. Mafi yawan hasken faifan irin wanda ido ba ya gani ne, hasken yubi, wanda ke gaba da shunayya a jerin launuka. Sannan wasu daga cikin kwezojin, ba duka ba, suna harba feshi siriri ta sama da ta ƙasa, mai gudu kusa da gudun haske, wanda na'urorin rediyo ke kamawa. Tambayata ita ce: idan faifan ya fi hasken yubi, feshin ma ya fi ƙarfi? Ko kowanne harkarsa yake yi?

Wuta ba ta zama a unguwarmu, kwamfutata kuma tsohuwa ce, batirinta ba ya kai awa ɗaya. Don haka in na dawo daga Maiyama da azahar sai in wuce gidan mahaifina. Baba mai walda ne, shagonsa a jikin zauren gidan yake, janareta kuma yana tashi tun hantsi har la'asar sakaliya. Ya ja mini wayar wuta ta taga zuwa ɗakin Innata. A can nake zama a kan tabarma, kwamfuta a kan kujera 'yar tsuguno, ɗiyata mai shekara biyu tana wasa da murafen kwanuka a gefe, ƙarar yankan ƙarfe tana shigowa da ƙaurin wuta.

Lokacin da na gaya wa Baba cewa hasken da nake nazari ɗan'uwan wanda ke sa idanunsa yin yaji ne bayan ya wuni yana walda, ya ajiye guduma ya dube ni.

“Wanga da ka sa mani yashi cikin ido, shi na kike karatu a kai?”

“Shi ne, Baba. Amma na can sama.”

“To wa ka walda can?”

Ya yi dariya har da tari. Daga ranar, in abokansa sun zo hira bakin shagon, sai in ji shi ta taga yana ce musu ɗiyarsa tana karatun waldar sama.

Wata huɗu na yi ina tace jerin nan. Ina ɗauko kweza daga jerin masu auna haske, in nemo ta a jerin masu auna rediyo, in tabbatar ita ce dai ba wata da ke kusa da ita ba. Da na tara wasu ɗaruruwa, sai na yi lissafin da kowa ke yi. Abin da na'ura ta kama ba shi ne ainihin hasken abu ba, domin nisa yana rage shi. Sai ka yi amfani da nisan ka dawo da hasken zuwa yadda yake a can inda ya taso. Na yi wa hasken yubi haka, na yi wa ƙarfin rediyo haka, na sa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, na ce kwamfuta ta zuba ɗigo.

Ba zan manta da yammacin ba. Tsakiyar bazara ce, zafi kamar ya tsaga bango. Ɗigogin suka jeru daga ƙasa hagu zuwa sama dama, tsaf, kamar an shuka su a kunya ɗaya. Faifai mai haske, feshi mai ƙarfi. Faifai mai rauni, feshi mai rauni. Na miƙe tsaye, na zauna, na sake miƙewa. Inna ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu ta ce, “Lahiya?” Na ce lafiya lau, na rungume ta, ta ture ni tana cewa zan zubar mata da miya.

Ranar Alhamis na kai wa Malam. Ya daɗe yana kallon zanen. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

“Wannan ya yi kyau,” in ji shi. “Ya yi kyau ƙwarai.”

Mutum ne da ba ya yabo. Na taɓa ba shi babi guda ya dawo mini da shi da jan biro har ba a ganin baƙin. A ranar kuwa ya kira wani malami daga ofishin da ke kusa ya nuna masa. Kafin in tafi ya ce akwai taron masana fannin da za a yi a Kudu bayan wata biyu, zai aika da taƙaitaccen bayani da sunana a gaba, nasa a baya. Mako biyu bayan haka ya kira ni a waya ya ce an karɓa. Maigidana, wanda ke aiki a ofishin gona na ƙaramar hukuma, ya sayo mini tsire ranar, ya kuma fara kirana Farfesa.

Kuskuren na gano shi ne a kan aikin da ba ya buƙatar tunani. Ina shirya rataye na ƙarshen kundin, inda ake jera dukkan kwezojin da awonsu. Na ce bari in jera su daga mafi kusa zuwa mafi nisa don ya yi tsari. Na danna, jerin ya sake zama. Ina gangarawa da ido sai na ga hasken yubi yana ƙaruwa layi bayan layi. Na dubi ɗaya gefen, ƙarfin rediyo ma yana ƙaruwa layi bayan layi. Na koma kan zanen, na ce kwamfuta ta ba na kusa launin kore, na tsakiya rawaya, na nesa ja. Kore suka taru a ƙasa hagu. Ja suka taru a sama dama. Rawaya a tsakani.

Ashe layina nisa yake nunawa. Dalilin a fili yake, har na ji kunyar kaina. Daga nesa ƙwarai, na'ura ba ta iya kama masu rauni, sai manya masu tsananin haske kaɗai ke shiga jeri. Sannan ni da hannuna na ninka awon biyu da nisa iri ɗaya. Ko da babu wata alaƙa tsakanin faifai da feshi, dole su tashi tare a kan takarda. Abu ne da aka rubuta gargaɗi a kansa cikin littattafan da na karanta, na ma ja layi a ƙarƙashinsa a ɗaya, amma da na ga ɗigogina sun jeru sai na manta da komai.

Na rufe kwamfutar. Janareta yana ta ruri, Baba yana ta buga ƙyauren wani. Ɗiyata ta zo ta hau cinyata tana jan kunnena, ban ma ji ba.

Ranar Litinin ce abin ya faru. Na ce Alhamis zan gaya wa Malam. Alhamis ta zo, na shirya, na je tasha, na shiga mota, na zauna a baya kusa da wata tsohuwa mai ƙwaryar nono. Saura mutum ɗaya mota ta cika sai na ce wa direba na yi mantuwa, na fita. Na tsaya bakin titi ina kallon motar har ta tashi. Daga nan ban koma gida ba, na shiga kasuwa na yi ta zagaye tsakanin rumfunan masu atamfa da masu tattasai, ban sayi komai ba. Na aika wa Malam saƙo cewa yarinya ba ta jin daɗi. Ya amsa da addu'ar Allah ya ba ta lafiya, abin ya ƙara mini nauyi.

Kwanakin da suka biyo baya ban iya zama wuri ɗaya ba. In ina Maiyama, hankalina yana Aliero. In ina gida, sai in ɗauki tsintsiya in share tsakar gidan da na share ɗazu. Na ƙona shinkafa sau biyu. Nakan buɗe kwamfutar in cire launukan, ɗigogin su koma baƙaƙe, layin ya dawo da kyansa, in zauna ina kallonsa. Sai in mayar da launukan. Na yi haka ya fi a ƙirga, kamar wani karon za su watse daban.

Maigidana na fara gaya wa, da safe yana ɗaure takalmi. Ya saurara har na gama, ya ce, “To yanzu lambobin ƙarya ne?”

“A'a, lambobin gaskiya ne.”

“Ke kika ƙirƙiro su?”

“A'a.”

“To ina laifinki? Kin zana abin da ya fito. Malaminki ya gani ya yarda, can ma sun karɓa. Ki gama ki karɓi takardarki, in ya so daga baya ki gyara.”

Na ce ba haka abin yake ba. Ya ce shi dai a ofishinsu in rahoto ya wuce teburin oga, ya wuce ke nan. Ba da mugunta ya faɗa ba. Ya ga yadda na rame a hanyar nan shekara biyu, yana so in huta.

Baba kuwa shi ya tare ni. Ya lura kwana uku ban ce a ja mini waya ba. Na same shi bakin shago yana shan ruwan randa, baƙin gilashinsa a goshi, idanunsa jawur suna hawaye kamar kullum.

“Ɗiyata, mi as same ki? Kin shigo kin fita kamar kazar da ka neman wurin ƙwai.”

Na zauna a kan wani guntun ƙarfe na yi masa bayani yadda zan iya. Ya saurara yana juya moɗa.

“Abin nan da kike hwaɗi, nisanshi ya kai ina?”

“Baba, hasken da muke aunawa ya taso tun kafin a yi duniyar nan tamu.”

“To wa za shi can shi duba?” Ya sassauta murya. “Yi shiru abinki. Ba ki cuci kowa ba. Ni dai in ga ranar da za a sa maki rigar nan da hula, idanuna na gani.”

Wannan magana ta fi ta maigidana yi mini ciwo, domin na san idanun nasa sun fara yana. Ya daina sa wa Inna zare a allura, ya fara kiran mutane da sunan wasu in sun tsaya nesa. Na tashi na shiga cikin gida.

A rana ta takwas na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ina duba littattafan gwaji na 'yan aji biyar a Maiyama, gwajin lilon zare da dutse, inda ake auna tsawon zare da lokacin kaiwa da komowa. Wata yarinya mai ƙoƙari, 'yar Mungadi da ke zuwa a kan keken yayanta, ta kawo zane mai kyau fiye da kima, kowane ɗigo a kan layi daram. Na duba da kyau na ga alamar gogewa a ƙarƙashin lambobi uku. Na kira ta gaban aji. Na ɗaga littafin sama na yi ta faɗa, na ce wannan sata ce, na ce mai yin haka ba ta dace da kimiyya ba, na faɗi maganganun da ban taɓa faɗa wa ɗaliba ba. Ta tsaya kanta a ƙasa, hawaye yana ɗiga a kan hijabinta. Da aka kaɗa ƙararrawa na fita na tsaya bayan ɗakin gwaji, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Washegari na kira ta ita kaɗai na ba ta haƙuri, na ce ta sake gwajin ta rubuta abin da agogo ya nuna. Ta ce to, amma har ƙarshen zangon ba ta ƙara ɗaga hannu a ajina ba.

Duk da haka ban je Aliero ba sai da Malam ya kira. Ya ce in zo ranar Alhamis da hotunan da zan nuna a taron, zai saurare ni kamar shi ne jama'a. Na shirya su, da baƙaƙen ɗigo. A cikin mota ina ta gaya wa kaina cewa zan yi shiru. Muna wuce gonakin albasa, an gama cira, mutane suna ta jera ta a rumfunan kara don ajiya, ni kuwa ina maimaita jawabina a zuci.

Ofishin nasa da zafi, fanka ba ta juyi. Na fara. Na yi bayanin baƙin rami, na yi na faifai, na yi na feshi. Da na iso kan zanen sai na kasa wucewa. Na tsaya. Ya ce, “Ci gaba mana.” Maimakon in ci gaba sai na ga hannuna ya buɗe ɗaya zanen, mai kore da rawaya da ja, na juya masa kwamfutar.

Bai yi minti ɗaya yana kallo ba ya gane. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya jingina da kujera.

“Launukan nan nisa ne?”

“E, Malam.”

Ana ta hayaniyar ɗalibai a waje.

“Tun yaushe kika ga wannan?”

Na so in ce jiya. Na ce, “Yau kwana goma sha ɗaya.”

“Kwana goma sha ɗaya.” Ya maimaita a hankali. “Tun kafin ranar da kika ce yarinya ba lafiya?”

Na sunkuyar da kai.

“Shekaranjiya na tsaya gaban shugaban sashe ina yabon aikin nan. Da kin faɗa mini a ranar, da ban yi ba.” Ya ture kwamfutar zuwa gabana. “Ki tafi, Malama. Zan neme ki.”

Na fito na nufi tasha. Abin mamaki, a motar komawa Jega barci ya kwashe ni, kaina a kafaɗar wata mata da ban sani ba, har sai da ta tashe ni a tasha.

Mako biyu bai neme ni ba. Na kira sau ɗaya bai ɗauka ba. Na fara tunanin ko in nemi a canja mini malami, ko in bar abin gaba ɗaya in riƙe koyarwata. Maigidana bai ce ai na gaya miki ba, amma ya daina kirana Farfesa. A cikin kwanakin ne aka yi ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi, mutanen Maiyama suka bazama gona, rabin ajina ya ragu.

Da Malam ya kira, gajeriyar magana ya yi: in zo da kwamfuta da littafin rubutu. Na same shi ya cika allon ofishinsa da lissafi. Bai ɗaga kai ba ya ce ya rubuta wa masu taron ya janye takardar.

“Na gaya musu kuskuren namu ne,” in ji shi. Sannan ya juyo. “Ni ya kamata in tambaye ki nisan tun ranar farko. Na koyar da wannan tarkon shekara da shekaru. Na ga layi mai kyau, na so shi.” Ya ɗauki alli. “Amma ɓoyewar taki ce ke kaɗai. Kada ki sake. Zauna mu fara.”

Iyakar abin da ya faɗa a kan maganar ke nan, bai kuma ƙara tayar da ita ba.

Aikin ya ci daminar gaba ɗaya, ya ƙara mini zango guda. Dabarar ita ce a raba kwezojin rukuni-rukuni, kowane rukuni masu nisa kusan ɗaya, sannan a yi tambayar a cikin kowane rukuni daban. Sai kuma wata matsalar ta ɓullo. Kwezar da feshinta ya nufo mu kai tsaye takan yi kamar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma hasken feshin yakan gauraya da na faifan ya ƙara masa abin da ba nasa ba. Dole na ware waɗannan gefe guda, ɗaya bayan ɗaya. Kowane tacewa yana rage mini ɗigo, har na fara tsoron ba abin da zai saura.

Ana cikin haka aka yi wa Baba aikin ido ɗaya a Birnin Kebbi. Likita ya hana shi kusantar walda har sai ya warke, shago ya rufe, janareta ya yi shiru. Na koma aiki a ofishin malamai na Maiyama, inda akwai sola, ina zama bayan an tashi har motar ƙarshe ta yamma. Baba yana gida da auduga manne a ido, ya ƙosa, yana ta faɗa da kaji. In na shigo gaishe shi sai ya ce, “Har yanzu ba su ƙare da ke ba?” In ce saura kaɗan. Bai taɓa tambayata ko na faɗa wa Malam ba, ni ma ban ɗauko zancen ba. Ina jin Inna ta gaya masa.

Abin da ya saura a ƙarshe ɗan kaɗan ne. A cikin ɗan jerin da na tattara, in ka kwatanta masu nisa ɗaya, akwai alamar cewa faifai mai haske yakan zo da feshi mai ɗan ƙarfi, amma ɗigogin a warwatse suke kamar an watsa gero. Sai ka ga kweza biyu masu hasken yubi iri ɗaya, ɗaya tana harba feshi mai tsawon da ya wuce garkenta, ɗaya kuwa da ƙyar na'urar rediyo ke jin motsinta. Wani abu daban yana da hannu, wataƙila yadda ramin kansa ke juyawa, wataƙila ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da shi. Awona bai isa ya raba gardamar ba. Haka na rubuta. Na kuma sa tsohon zanen a babi na huɗu, da launukansa, da bayanin yadda ya yaudare ni.

Ranar kare kundin, baƙon malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya yi ta juya shafuka yana tsuke baki. Ya ce, “To, bayan duk wannan wahala, me kika gano?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, na gano cewa alaƙar tana da rauni, kuma mafi yawan abin da ake gani da farko nisa ne ke kawo shi.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan abin da zan iya tsayawa a kai.”

Ya buɗe babi na huɗu ya tambaye ni wa ya ce in sa wannan. Na ce ni ce. Ya yi mini tambayoyi kusan rabin awa a kan rukunan, yadda na yanka su, me ya sa ban yanka su ƙanana ba. Wasu na amsa, biyu na ce ban sani ba. Malam yana gefe, yana wasa da murfin biro. Aka ce in fita. Na tsaya a baranda ina kai da komo har wata mai shara ta ce in zauna don Allah, ina sa ta jiri. Da aka kira ni aka ce na ci, da gyare-gyare shafi uku.

Na iso Jega da la'asar, an ɗauke ruwa, titi yana ta tururi. Na kira maigidana na gaya masa, na kira Inna na ce ta gaya wa Baba. Ya kamata in wuce gida kai tsaye, amma ƙafafuna suka ƙi. Na bi titi da jakar kwamfuta a kafaɗa har bakin gulbi. Ruwa ya cika ya yi ja, yana tafe da karmami da rassan itace, masu kwalekwale suna ta ɗaure jiragensu. Na tsaya can ina lissafin yadda za a yi a samo awon juyawar ramukan nan, da wanda zan rubuta wa, da ko kwamfutata za ta iya ɗauka. Sai da wayata ta yi ƙara karo na uku, Inna tana cewa tuwo yana hucewa kuma yarinya ta ƙi ci sai na zo, sannan na tare mai babur.